Dalma a Ƙasa, Ƙugiya a Sama: Labarin Wani Ɗaurin Fatsa daga Tafkin Biwa

Duk wanda ya taɓa jefa fatsa a gulbi ya san ɗaurin da aka gada kaka da kakanni: ƙugiya a ƙarshen zare, 'yar dalma a samanta don ta ja ta ƙasa. Haka yaro yake ɗaurawa a bakin rafi, haka ma attajirin Amurka ya daɗe yana ɗaurawa a cikin jirginsa mai inji. Amma yau idan mutum ya leƙa jiragen 'yan gasar kamun kifi a Amurka, ko ya bi gaɓar tafkunan Japan da sassafe, zai tarar an birkita tsarin. Dalma ce a can ƙarshen zare, zaune daram a ƙasan ruwa. Ƙugiya kuwa tana samanta da kamar kamu guda, an ƙulla ta a jikin zaren, ta miƙe a kwance tsininta na kallon sama, ga 'yar tanar roba an soke ta ta hanci tana karkarwa. Amurkawa suna kiran wannan ɗauri dirof-shot. A Hausance sai a ce dalma-a-ƙasa, don ainihin abin ke nan.

Ƙugiyar da ake sa masa abin kallo ce. Ba ta fi farcen yatsa girma ba. Wuyanta gajere, bakinta a buɗe, wayarta siririya kamar allurar ɗinkin hula, tsininta kuwa in aka ja shi a kan farce sai ya kafe ya ƙi zamewa. Wanda ya saba da manyan ƙugiyoyin tarwaɗa zai rantse wannan ba za ta riƙe komai ba. To, da ita ake fito da kifi mai kilo biyu ko uku daga zurfin mita goma sha biyar. Yadda aka yi ƙugiya ta ƙanƙance har haka, da yadda dalma ta koma ƙasa, labari ne da ya bi ta hannun maƙeran allura na Ingila, ya ratsa wani ƙauyen manoma a Japan, ya ƙare a bakin wani tafki da masu fatsa suka yi wa yawa.

Ƙugiya dai tsohuwa ce tukuf. A 2016 masu tonon kayan tarihi suka sanar da cewa sun samo ƙugiyoyi a kogon Sakitari da ke tsibirin Okinawa, waɗanda aka sassaƙa daga ƙwanson wani dodon-koɗin teku, masu shekara kusan 23,000. Kafin nan, a 2011, an ba da labarin irinta a Jerimalai ta ƙasar Timor ta Gabas. Daga ƙwanso aka zo ƙashi, daga ƙashi tagulla, daga tagulla ƙarfe, amma siffar tana nan kusan yadda take: kai, wuya, lanƙwasa, tsini. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne kaurin waya da ƙwarinta, kuma a nan allura ta shigo.

A 1496 aka buga wani ɗan littafin fatsa a Ingila, wanda ake jingina wa wata mata mai suna Juliana Berners. A cikinsa an koya wa mai karatu ya yi ƙugiyarsa da hannunsa. Ya samo allura, ya sa ta a wuta ta yi ja, ya bar ta ta huce don ta yi laushi, ya tsaga mata kunne da wuƙa, ya goge tsinin, ya lanƙwasa ta, sannan ya sake gasa ta ya tsoma a ruwa ta yi tauri. Duk maƙerin da ya taɓa ƙera kibiya mai kunne zai gane aikin. Wajen shekarun 1650 wani mutumin Landan, Charles Kirby, ya yi suna wajen iya gashin ƙarfe, har ƙugiyar da ake karkata tsininta gefe ta ci sunansa, kuma har gobe da shi ake sayar da ita. Daga baya sana'ar ta tare a garin Redditch, kudu da Birmingham, inda ake ƙera mafi yawan alluran duniya a ƙarni na 19. Waya ɗaya ce, wuta ɗaya, dutsen washi ɗaya. Wanda ya iya allura ya iya ƙugiya.

Da tsada aka sayi kaifin nan. Masu wasa tsini a Redditch sukan zauna gaban dutse mai juyawa, su riƙe tarin waya tsakanin tafukansu suna murzawa a bushe, ƙurar ƙarfe da ta dutse na shiga ƙirjinsu. Ladan aikinsu ya fi na sauran ma'aikata, amma kaɗan ne a cikinsu ke wuce shekara talatin da biyar a duniya.

Inji daga ƙasar Norwe ya zo. A garin Gjøvik akwai wata masana'antar ƙusa da waya da aka kafa a 1832, wadda daga baya ta koma hannun iyalin Mustad. A 1877 wani ma'aikacinta, Mathias Topp, ya harhaɗa injin da ake cusa wa waya ta nan, ƙugiya ta faɗo ta can. Kamfanin ya ɓoye sirrin injin kamar ransa, ƙugiyoyinsa masu tambarin mabuɗi kuwa suka cika duniya, har kasuwannin Afirka ta Yamma. Da ƙugiyar kamfani ne lissafin lamba ya zama yaren kowa. Masuncin da ke sayen kwalin ƙugiya a Yawuri don ya ɗaura mamari ya san ƙa'idar: lamba na hawa, ƙugiya na ƙanƙancewa, lamba 4 ba ta kai lamba 2 ba. Daga lamba 1 kuma sai lissafin ya juya, a shiga 1/0, 2/0, 3/0, suna ƙara girma. Babu hukumar da ta tsayar da ma'auni guda, shi ya sa lamba 2 ta wannan kamfani kan zo daidai da lamba 1 ta wancan. Ido ne alƙali.

Japan ta bi tata hanyar. A yankin Banshu da ke lardin Hyogo ana ba da labarin wani mai gari, Kodera Hikobei, wanda ya koyo ƙirar ƙugiya a ƙasar Tosa ya kawo ta gida a 1851, ya koya wa manoman yankinsa don su sami abin yi bayan aikin gona. Sana'ar ta kafu, har yau daga nan mafi yawan ƙugiyoyin Japan ke fitowa. A garin Nishiwaki aka kafa kamfanin Gamakatsu a 1955, kamfanin Owner ma a nan yake. Abin da ya goge maƙeran Banshu shi ne tsantsenin masu sayensu, domin mai fatsa a Japan yana son ƙugiya daban ga kusan kowane kifi, wannan a ɗan ƙara mata wuya, waccan a rage mata baki, wata ma a cire mata kunne gaba ɗaya. Wannan ya tura su ga ƙarfe mai yawan kabon, wanda ake iya sirantawa ba tare da ya miƙe a bakin kifi ba, da kuma ƙarasa tsini da sinadari mai cin ƙarfe bayan dutse ya gama nasa. Wato ƙugiyar ta riga ta zauna a shago tun kafin a san aikin da za ta yi suna da shi.

Kifin da za a yi ɗaurin dominsa baƙo ne a Japan. Sunansa bas, ɗan asalin Arewacin Amurka, mai faɗin baki da haɗama, ƙirarsa kamar ta ƙaramin giwan ruwa. A 1925 wani ɗan kasuwa da ya yi karatu a Amurka, Akaboshi Tetsuma, ya shigo da 'yan ƙwayoyi da ba su kai ɗari ba, ya zuba su a tafkin Ashi na yankin Hakone. Shekaru da dama ba su yi nisa da nan ba. Daga shekarun 1970 sai suka fara ɓulla a tafkuna da kududdufai ko'ina, ana kuma zargin masu fatsa da zuba su a ɓoye. A 1974 aka fara ganinsu a Biwa, tafki mafi girma a ƙasar, mai faɗin murabba'in kilomita 670, dab da birnin Kiyoto.

A can ƙasarsu an san yadda ake kama su, kuma da ƙarfin tuwo ake yi. Nick Creme na garin Akron ya narka roba a gidansa a 1949 ya zuba ta a mazubi mai siffar tana. Mutanen Teksas suka ɗauki tanar, suka sa mata dalma mai kan harsashi a gaba, suka binne tsinin babbar ƙugiya a jikinta don ta ratsa itatuwan da madatsun ruwa suka shanye ba ta maƙale ba. Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, a shekarar da ta biyo ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., fatsa ta zama sana'ar kuɗi. Kayan aikin wancan zamani na gurɓataccen ruwa ne da kifin da bai waye ba: zare mai kauri, sanda mai tauri, ƙugiya 3/0 zuwa 5/0, da fizga mai ƙarfi da zarar kifi ya taɓa, don tsini ya huda roba ya huda muƙamuƙi.

Japan ta kwafi wannan duka, amma ruwanta ya ƙi. Zuwa farkon shekarun 1990 fatsar bas ta zama yayin samari, kuma yawancinsu ba su da jirgi. A ƙafa suke bin gaɓa, su jeru a kan bangon tashar jiragen ruwa kafaɗa da kafaɗa, kowa na jefa irin tanar da na kusa da shi ya jefa. Da yake al'adar wasan ita ce a kama a saki, kifi ɗaya kan sha ƙugiya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kifin Biwa ya koyi kallon tana ta wuce ta gabansa ko motsi bai yi ba.

A cikin masu fatsar gaɓar nan akwai Murakami Haruhiko. Shi ya yaɗa ɗaurin ta mujallu da faifan bidiyo, shi kuma ya raɗa masa suna tsunekichi, wato kullum sa'a. A yi adalci, ba shi ya fara sa dalma a ƙarƙashin ƙugiya ba. Masuntan teku a Japan suna da ɗaurinsu na dotsuki tun da daɗewa, Ingilishi ma sun daɗe suna kama kifi da wani mai kama da shi da suke kira fatanosta. Abin da Murakami ya yi shi ne ya auri tsohon tsarin da ƙaramar tanar roba, da zare kamar gashi, da ƙugiyar da Japanawa ke kira masu-bari, wadda asali don kifin tirawut aka ƙera ta. Maimakon a zura ƙugiya cikin jikin tana, sai a ɗan soke ta a hanci kawai, sauran jikin a bar shi sakaka.

Hikimar tana cikin raba aiki. A tsohon ɗauri dalma da tana tafiyarsu ɗaya, in ka motsa tana ka janye ta daga inda kifi yake. A sabon, dalma ta zama turke. Mai fatsa ya jefa, ya bar ta ta zauna, ya ɗan sassauta zare, sai ya riƙa kaɗa kan sanda a hankali yadda tanar za ta yi rawa a wuri ɗaya, sama da ciyawa da taɓo, daidai idon kifi, minti ɗaya ko biyu in ya ga dama. Kifin da ya ƙi bin abin da ke gudu yakan kasa jure abin da ya tsaya masa a hanci yana makyarkyata. Da yake kuma babu dalma tsakanin ƙugiya da hannu, taɓawa komai ƙanƙantarta tana isowa yatsa. Sau da yawa ma ba a jin taɓawar, nauyi kawai ake ji, kamar ƙugiya ta ɗauko jiƙaƙƙen ganye.

A nan gadon allura ke biya. Zaren da ake wannan aiki da shi yakan tsinke a nauyin kilo uku ko ƙasa da haka, ba zai ɗauki fizgar mutanen Teksas ba. Sai dai a ɗaga sanda a ci gaba da naɗewa, ƙugiya ta shige da kanta. Waya mai kauri ba ta huda baki da wannan ɗan ƙarfi, siririya mai rauni kuma miƙewa za ta yi da zarar kifi ya ja. Ana son wadda ta haɗa sirantaka da ƙwari, irin wadda mutanen Banshu suka shafe shekara ɗari da ɗoriya suna nema. Sandar ma dole ta bi sahu: tsawonta kamar mita biyu, kanta mai laushi don ta shanye bugun kifi, manaɗin zare kuma a sassauta masa birki yadda zai saki zare kafin ya tsinke.

Zaren kansa ɗan Japan ne. Kamfanin Kureha ya fitar da zaren fulorokabon na farko a 1971 da sunan Seaguar. Haske na ratsa shi kusan yadda yake ratsa ruwa, don haka ba ya fitowa fili kamar nailan. Yana nutsewa da kansa, yana kuma jure gogar dutse. Aibinsa taurin kai, domin a kan ƙaramin manaɗi yakan zubo ya cukurkuɗe.

Ɗaurin ya haye teku a ƙarshen shekarun 1990, ya kuwa sauka inda ya dace. Madatsun ruwan kudancin Kalifoniya, irin su Castaic da Casitas, masu zurfi ne, ruwansu garau, ga miliyoyin mutanen Los Anjalas a bakin ƙofa. Matsalarsu ɗaya da ta Biwa. Masu fatsar can, irin su Don Iovino, sun riga sun saba da ƙananan tana da siririn zare, har takwarorinsu na kudu maso gabashin Amurka suna raina musu kayan aiki. Raini bai hana su cin gasa ba. Wanda ya fi kowa ɗaukaka sabon ɗaurin shi ne Aaron Martens, wanda aka haifa a 1972, ya tashi yana shiga gasa a jirgi ɗaya da mahaifiyarsa Carol. Ya zama zakaran shekara na B.A.S.S. sau uku, a 2005 da 2013 da 2015, sau huɗu kuma yana zuwa na biyu a babbar gasar Classic, kofin da bai taɓa shiga hannunsa ba. An san shi da ƙwaƙƙwafi a kan ƙugiya da ƙulli fiye da kowa a zamaninsa. Kamfanin Roboworm na Kalifoniya ya sa wa wani launin tanarsa sunan Martens, Gamakatsu kuma ya ƙera ƙugiyar dalma-a-ƙasa da shawararsa. Ɗan Amurka ke nan yana gaya wa jikokin almajiran Kodera yadda yake son a lanƙwasa masa waya. Ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi ranar 4 ga Nuwamba 2021, yana da shekara 49.

Abin da mutane irinsa suka bari shi ne ilmin zaɓi, kuma daga ƙulli yake farawa. Ƙullin Palomar aka fi yi. A ninka zare biyu, a zura ta kafar ƙugiya, a yi ƙulli sako-sako, a shigar da ƙugiyar ta cikin madaukin, a jiƙa da yawu, a ja a hankali, a bar jela mai tsawo. Sai matakin da sabon shiga ke mantawa: a mayar da jelar ta kafar ƙugiya, daga ɓangaren tsini zuwa ƙasa. Wannan 'yar zurawar ce ke sa ƙugiya ta miƙe tsaf tsininta na sama, inda zai kama leɓen kifi na sama, wurin da ya fi riƙo. In aka manta, ƙugiya ta langaɓe gefe, kifi ya tsotsa ya tofar, mai fatsa ya yi ta zargin sa'a.

Girman ƙugiya kuwa tana ce ke yanke shi, sannan wurin da za a jefa. A buɗaɗɗen ruwa, da tanar santimita 10 zuwa 15, lamba 1 ko 2 ake sa wa, in tanar ƙarama ce a sauko lamba 4. Bakin ƙugiya ya fi kaurin hancin tana faɗi, in ba haka ba roba za ta cike shi tsini ya rasa wurin shiga. In kuma aka zarce da girma, nauyin ƙarfe ya kashe rawar, an yi asarar dalilin ɗaurin gaba ɗaya. Inda akwai ciyawa ko rassan itace, buɗaɗɗen tsini ba ya minti ɗaya bai maƙale ba, don haka sai Amurkawa suka dawo da tsohuwar dabararsu: ƙugiya mai dogon wuya, 1/0 ko 2/0, har yanzu siririya, da ɗan mariƙi kusa da kafa don kada tana ta zame, tsinin a binne a jikin roba irin na Teksas. Tsawon jela tsakanin ƙugiya da dalma yawanci santimita 30 zuwa 45 ne. A rage in sanyi ya manne kifi da ƙasa, a ƙara in ciyawa ta yi tsawo. Mai fatsar gaɓa yakan ƙara fiye da mai jirgi, domin jifa mai nisa tana kwantar da zare, tanar da ake zaton tana sama da kamu guda sai ta zama taƙi ɗaya kawai ta ɗaga.

Dalmar ma an sake mata hali. Nauyinta daga giram 3.5 zuwa 10, gwargwadon zurfi da iska. Mai siffar ƙwallo ta fi isar da labarin ƙasa, doguwa kamar fensir kuma ta fi zamewa tsakanin duwatsu da ciyawa. A kanta akwai wata 'yar waya mai matsattsen baki, a nan ake cusa jelar zare ba tare da ƙulli ba, ta yadda in ta maƙale a dutse sai a ja, zare ya zame, dalma ta zauna, ƙugiya da kifi su taho. Dabara ce mai kyau ga mai fatsa, amma ruwa ne ke biyan kuɗinta, domin dalma guba ce. Birtaniya ta hana ƙananan dalmar fatsa a 1987 bayan an gano tana kashe suwan, babban farin tsuntsun ruwan nan mai dogon wuya, wanda ke haɗiye ta tare da tsakuwa. Jihar New Hampshire ta Amurka ta yi irin wannan doka a 2000 saboda wani tsuntsu mai nutso da ake kira lun. Yanzu ƙarfen tangistan ya karɓi kasuwar masu hali. Ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, giram 19 a inda dalma mai girmansa ke da 11, don haka ƙaraminsa ke yin aikin babba, taurinsa kuma na sa a ji bambancin dutse da yashi a hannu. Yana da tsada. Amma ɗaurin da tun farko aka tsara shi don ya riƙa barin nauyinsa a ƙasan tafki, bai kamata a yi shi da guba ba.

Saura wata cuta da ta daɗe tana damun masu wannan ɗauri. Tanar da aka soke ta hanci takan yi ta juyi kamar farfela in ana naɗo ta, ta murɗe zare har ya zama kitso. Wasu suka koma cika manaɗi da saƙaƙƙen zare, wanda murɗa ba ta cika damunsa ba, su ɗaura masa mita biyu ko uku na fulorokabon a gaba. Kamfanin VMC na Faransa, wanda ke ƙera ƙugiya a Morvillars tun 1910, ya fito da wata mai suna Spinshot, an ɗora ta a kan ɗan majuyi don ta yi juyinta ita kaɗai.

Daga Kalifoniya ɗaurin ya yi arewa, ya tarar da wani baƙon kifi ya share masa hanya. A 1990 aka fara ganin gobi, ɗan kifin ƙasan ruwa daga yankin Bahar Aswad, a kogin St. Clair, ya zo cikin ruwan da manyan jirage ke ɗauka don daidaita nauyi. Ya cika Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, wani nau'in bas mai ƙaramin baki ya same shi abinci ya yi ƙiba, ya kuma saba neman abinci dab da ƙasa. A tafkin Erie da kogin St. Lawrence, da wuya a ga jirgin ɗan gasa babu sandar dalma-a-ƙasa a shimfiɗe. Na'urar hangen ƙasan ruwa ta ƙara masa ƙarfi. Daga ɗan koren akwatin kamfanin Lowrance na 1959 zuwa LiveScope da kamfanin Garmin ya fitar a 2018, an kai ga mai fatsa yana kallon kifi a allo yana iyo, ya saukar masa da tana a ka, ya ga lokacin da ya buɗe baki. Ana ta muhawara a Amurka ko wannan har yanzu fatsa ce, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Dabarar da mai tafiya a ƙafa ya nemo don ya ci arzikin haƙurinsa ta koma hannun mai allon dubban daloli. Ga kuma kifin da aka fizgo daga zurfi, jakar iskar cikinsa takan kumbura, in aka sake shi ya kasa nutsewa.

A Biwa, inda abin ya samo asali, labarin ya juya wata fuska. Bas da wani baƙon ɗan uwansa, bulugil, sun yi wa kifayen gida ɓarna. Shi bulugil kyauta ce da magajin garin Shikago ya ba yarima Akihito na Japan a 1960, kuma a 2007, yana sarki, ya fito fili ya nuna takaicinsa a kan abin da kyautar ta haifar. Kifin nigorobuna, wanda mutanen yankin ke jiƙawa da gishiri da shinkafa su yi tsohon abincinsu funazushi, ya yi ƙaranci. A 2003 lardin Shiga, inda tafkin yake, ya hana mayar da bas ruwa bayan an kama shi. A 2005 dokar ƙasa kan baƙin halittu masu ɓarna ta fara aiki, ta hana kiwonsa da ɗaukarsa da rai daga wuri zuwa wuri. Tafkin Kawaguchi, kusa da dutsen Fuji, ya hana tanar roba a 2007 saboda tarin da ta yi a ƙasansa.

Duk da haka Biwa bai daina jan masu fatsa ba. Ranar 2 ga Yuli 2009 Kurita Manabu ya kama bas mai kilo 10.12 a cikinsa, ya yi kunnen doki da bas ɗin da ke riƙe da tarihin duniya, wanda wani George Perry ya kama a jihar Jojiya tun 1932, kuma da bulugil mai rai ya yaudare shi. Samari na nan suna jeruwa a gaɓa da asuba, sanda a hannu, suna kaɗa ta a hankali. A bayansu, gefen hanya, hukumar lardi ta ajiye akwatuna. Wanda ya kama bas zai zare 'yar ƙugiyarsa daga leɓen kifin, ya ɗaga murfi ya jefa shi ciki, mota ta zo ta kwashe a kai inda ake mayar da shi taki.